Waƙa a Bakin Mai Ita: Ƙaramar Tashar Memphis da Rigimar Matsakaicin Zango a Amurka

A birnin Memphis na Jihar Tennessee da ke kudancin Amurka akwai wata tashar rediyo mai suna WLOK, wadda ke watsa shirye-shiryenta a kan kilohaz 1340 na matsakaicin zango, wato abin da aka fi sani da AM. Ƙarfin na'urarta wat 1,000 ne kacal, kuma mafi yawan abin da take sanyawa waƙoƙin bishara ne irin na majami'un baƙaƙen fatar Amurka. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin kimiyyar harshe a wata jami'ar Arewa da irin wannan tasha, wadda ko a ƙasarta ba kowa ya san da zamanta ba? Amsar ita ce, tun daga shekarar 2022 ake ta wata taƙaddama a Amurka a kan makomar rediyon AM, kuma da na bi diddigin hujjojin da kowane ɓangare ke kawowa, sai na lura cewa waɗanda abin ya fi shafa, wato ƙananan tashoshi irin wannan, su ne aka fi mantawa da su a cikin zancen. Darasin da ke cikin wannan mantuwa ya shafe mu.

Ga yadda rigimar ta samo asali. Injin motar da ke aiki da lantarki yana fitar da wani irin gurnani da ke dagula sautin AM, ta yadda mai sauraro zai riƙa jin ƙara da ƙugi a maimakon magana. Ana iya magance wannan ta hanyar killace wayoyi da sanya matatai, amma abin yana cin kuɗi. Saboda haka wasu kamfanoni suka zaɓi hanya mafi sauƙi, suka cire AM daga akwatin rediyon motocinsu baki ɗaya. A watan Disambar 2022 Sanata Ed Markey na Jihar Massachusetts ya rubuta wa kamfanonin ƙera motoci 20 takarda yana neman bayani, inda ta bayyana cewa takwas daga cikinsu sun riga sun ɗauki wannan mataki a motocinsu na lantarki. A cikinsu akwai Tesla da BMW da Volkswagen da Volvo da Mazda da Ford. Kamfanin Ford ma ya yi niyyar cire AM har a motocinsa masu shan fetur, sai da ya ga irin ƙurar da ta tashi sannan ya janye a watan Mayun 2023.

A cikin wannan watan ne Sanata Markey, ɗan jam'iyyar Democrat, ya haɗa kai da Sanata Ted Cruz na Texas, ɗan jam'iyyar Republican, suka gabatar da ƙudurin dokar da za ta tilasta sanya AM a kowace sabuwar mota ba tare da ƙarin kuɗi ba. Duk wanda ya san siyasar Amurka ya san cewa waɗannan mutane biyu ba sa ga maciji da juna a kusan kowace magana. Ƙudurin bai kai ga zama doka ba har wa'adin waccan majalisa ya ƙare, aka kuma sake gabatar da shi a watan Janairun 2025.

Babbar hujjar magoya bayan ƙudurin ita ce tsaron lafiyar jama'a a lokacin bala'i, kuma hujja ce mai ƙarfi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta dogara ne a kan wasu zaɓaɓɓun tashoshi fiye da 70, mafi yawansu na AM, waɗanda aka tanadar wa janareto da mai domin isar da sanarwa ga al'umma idan komai ya tsaya. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans a 2005, tashar WWL da ke kan kilohaz 870 ce ta zama kunnen jama'a bayan wutar lantarki da wayoyi sun ɗauke. Haka aka sake gani a yankin Asheville na Jihar North Carolina a 2024, sa'ad da guguwar Helene ta katse hanyoyi da layukan sadarwa. Dalilin kuwa a sarari yake: sautin matsakaicin zango yana bin doron ƙasa ya yi nisa da rana, da dare kuma ya dira daga sararin samaniya ya kai ɗaruruwan kilomita. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo bayan sallar isha'i ya ji tashoshin da ba ya samu da rana, ya san wannan ba sai an faɗa masa ba.

Kamfanonin motoci su ma suna da abin cewa. Sun ce gyaran zai laƙume biliyoyin daloli, kuma sanarwar gaggawa tana isa ga mutane ta wayar salula, sannan ƙasashe irin su Jamus da Faransa sun rufe tashoshin gwamnati na matsakaicin zango tun ƙarshen 2015 kuma sama ba ta faɗo ba. Ƙungiyar masu gidajen rediyon Amurka ta mayar da martani a 2023 da cewa mutane kimanin miliyan 82 ne ke sauraron AM a kowane wata. Akwai kuma siyasa a ciki, domin kuwa zangon AM shi ne dandalin masu sharhin ra'ayin riƙau tun zamanin marigayi Rush Limbaugh, wanda hakan ya sa irin su Sanata Cruz ke kallon cire shi a matsayin yunƙurin toshe musu baki.

To amma a lura da wani abu. Tashoshin da ake kafa hujja da su manya ne. WWL, alal misali, ƙarfinta wat 50,000 ne, wato ninkin WLOK sau hamsin. Ita kuwa WLOK tana kan ɗaya daga cikin mitoci shida da aka keɓe wa ƙananan tashoshin gari, inda tashoshi fiye da ɗari ke cunkushe a kan mita guda, da dare su riƙa hawa kan juna har mai sauraron da ke bayan gari ya kasa tantance wadda yake ji. Idan da tsaron ƙasa kaɗai ne ma'aunin, da sai a ce a bar manyan nan saba'in da 'yan kai, sauran dubban su san inda dare ya yi musu. Ke nan dole a nemi darajar ƙaramar tasha a wani wuri dabam, kuma a nawa ganin tarihin Memphis ne ya fi bayyana ta.

A shekarar 1947 wasu turawa biyu, John Pepper da Bert Ferguson, suka buɗe tashar WDIA a birnin. Kasuwa ta ƙi, har suka kusa rufewa. A watan Oktoban 1948 sai suka gwada ba wani malamin makaranta baƙar fata, Nat D. Williams, fili ya gabatar da shiri. Cikin ɗan lokaci jama'a suka yi caa a kan tashar, masu ita suka mayar da dukkan shirye-shiryenta na baƙaƙen fata, abin da ba a taɓa yi ba a Amurka. A nan B.B. King ya fara suna, a nan kuma waƙoƙin bishara suka samu gurbi na dindindin a iska. Tashar ta shahara da sanarwar kyauta: yaron da ya ɓata, wanda ke neman jini a asibiti, taron coci, mai neman aiki. A 1954 aka ɗaga ƙarfinta zuwa wat 50,000. Sai dai duk da wannan hidima, muryar ta baƙaƙe ce, amma takardar mallaka da ribar na hannun wasu.

Tashar farko da baƙar fata ya mallaka a Amurka ita ce WERD ta birnin Atlanta, wadda Jesse Blayton ya saya a 1949. A gini ɗaya take da ofishin ƙungiyar Martin Luther King, har ana ba da labarin cewa akan zuro makirfo ta taga daga bene idan King yana da sanarwa. Memphis kuwa, birnin da aka harbe King a ranar 4 ga Afrilun 1968 sa'ad da ya je mara wa masu kwasar shara baya a yajin aikinsu, sai a 1977 ta samu tata, lokacin da Art Gilliam ya sayi WLOK. Kusan shekara talatin ke nan tsakanin ranar da aka fara jin muryar baƙar fata a rediyon birnin da ranar da baƙar fata ya riƙe makullin tasha. Daga baya tashar ta karkata ga waƙoƙin bishara, ta kuma riƙe al'adar shirya taron shekara-shekara na kyauta ga jama'ar gari.

Abin da ya biyo baya ya nuna muhimmancin wannan makulli. A 1996 Amurka ta yi dokar sadarwa da ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar. Kamfanin Clear Channel, wanda yake da tashoshi kimanin 40 kafin dokar, ya haura 1,200 cikin 'yan shekaru, kuma WDIA mai tarihi tana cikin waɗanda suka faɗa hannunsa. Kamfanin ya sauya suna zuwa iHeartMedia, a 2018 kuma ya nemi kariyar kotu saboda bashin kimanin dala biliyan 20. Tsarin irin waɗannan manyan kamfanoni sananne ne: a shirya jerin waƙoƙi a hedikwata, a naɗi muryar mai gabatarwa guda a rarraba wa garuruwa da dama, a rage ma'aikatan gida. Rediyon yana nan a kunne, amma idan ka buga waya ba lallai ka samu wanda ya san unguwarku ba.

A nan ne nake son in sa bakina a matsayin ɗalibin harshe. Wanda bai saba ba yana ɗaukar tashar waƙoƙin bishara a matsayin jerin faya-fayai kawai. Amma waƙar bishara ta baƙaƙen Amurka, wadda irin su Thomas Dorsey da Mahalia Jackson suka raina a birnin Chicago daga shekarun 1930, an gina ta ne a kan jagora da amshi, tsarin da duk wanda ya taɓa sauraron makaɗin fada da 'yan amshinsa zai gane nan take. Wannan tsari bai tsaya a waƙa ba. Shi ne tsarin huɗubar fasto, shi ne kuma tsarin hirar mai gabatarwa da tsohuwar da ta bugo waya tana neman a taya ta addu'a ko a sanar da rasuwar mijinta. Ana yin duk wannan ne da karin Ingilishin baƙaƙen fata, wanda makaranta da ofis suka daɗe suna kallo a matsayin gurɓataccen harshe.

Masana irin su William Labov, wanda ya rasu a 2024, sun shafe shekaru suna tabbatar da cewa wannan kari yana da nahawunsa tsayayye. Alal misali, yana da hanyar bambance aikin da ake cikin yi yanzu da wanda aka saba yi, kamar dai yadda Bahaushe ke bambance "yana zuwa" da "yakan zo", bambancin da daidaitaccen Ingilishi ba ya nunawa ta wannan hanya. Har kotu aka je a kan haka a garin Ann Arbor a 1979, aka kuma yi wata ƙura a Oakland a 1996. Amma abin da na koya a shekarun da na yi ina koyarwa shi ne, hujjar masana ba ta raya karin harshe. Abin da ke raya shi shi ne ya samu wurin da ake amfani da shi a bainar jama'a, a maganar da ke da nauyi, ba tare da mai magana ya ji kunya ba. Coci na ba da wannan dama ranar Lahadi. Ƙaramar tasha na ba da ita kwana bakwai a mako, ta kuma kai ta har gadon maras lafiya da kujerar direban da ke aikin dare. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji Hausawa, kuma labarin mutuwa da na haihuwa su ma haka suke.

Ba na nufin cewa waɗannan tashoshi ba su da aibu. Da yawansu na rayuwa ne da sayar da fili ga duk wanda ya biya, kuma a cikin masu saye akwai masu wa'azin gaskiya, akwai kuma masu sayar da alkawarin arziki da waraka ga talakan da ba shi da na abinci. Masu sauraronsu tsufa suke yi, matasa sun koma wayar hannu, manyan masu talla kuma matasa suke bi. Tashoshin AM a Amurka sun kusa 5,000 a farkon shekarun 1990, sun kuma ragu zuwa ƙasa da 4,500 kafin ƙarshen 2023. Wasu ma an rufe su ne don filin da turakunsu ke kai ya fi tashar kanta daraja a wurin masu gina gidaje. Hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta yi ƙoƙarin tallafa musu daga 2015 ta hanyar sauƙaƙa musu samun ƙananan na'urorin FM da za su maimaita shirye-shiryensu, wanda shi kansa amincewa ce a fakaice cewa jama'a na ƙaurace wa zangon.

Saboda haka ra'ayina shi ne, ko da an tilasta wa kowane kamfani sanya AM a mota, an ceci akwati ne kawai. Doka na iya ajiye maɓalli a gaban direba, amma ba za ta biya albashin mai gabatarwa ba, ba kuma za ta hana a sayar da tasha ga wanda bai taɓa taka garin ba. Ƙudurin yana da amfani, domin a ƙasar da mota ce babban wurin sauraron rediyo, cire AM daga cikinta yanke wa ƙananan tashoshi jijiya ne. Sai dai tambayar da majalisar ta fi guje wa ita ce wadda dokar 1996 ta buɗe: wa ya mallaki tashar, kuma a gaban wa yake jin kunya idan ya yi ba daidai ba?

Mu a nan abin ya shafe mu ta fuska uku. Ta farko, yawancin motocin da ke kan titunanmu na hannu ne daga Amurka da Turai, don haka shawarar da aka yanke a can ita ce za ta iso Kano da Kaduna bayan 'yan shekaru, ba tare da an tambaye mu ba. Alhali kuwa mun ga ranar rediyo da idonmu a watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, jama'a suka koma ga akwatin da ke aiki da batir. Tashar Kaduna, wadda ta samo asali daga 1962, da matsakaici da gajeren zango ta kai Hausa lunguna da rugage har ƙasashen maƙwabta. Tashoshin FM masu zaman kansu da suka bunƙasa bayan dokar 1992 sun kawo sauyi mai kyau, amma mafi yawansu a manyan birane suke, kuma sautin FM ba ya nisa.

Ta biyu ita ce maganar mallaka. A shekarar da Gilliam ya sayi WLOK, wato 1977, gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace babbar tashar bishara ta Addis Ababa, wadda tun 1963 take watsa shirye-shirye zuwa Afirka da Asiya, ciki har da na Hausa da ake shiryawa a Muryar Bishara da ke Jos. Rana ɗaya masu shirin suka wayi gari da murya amma babu na'ura. Haka masu sauraron Sashen Hausa na Muryar Amurka suka ji shiru a watan Maris na 2025, bayan wani umarni da aka sa wa hannu a Washington. Zanen aro ba ya rufe katara. Jamhuriyar Nijar ta gane haka da wuri, inda ta fara rediyon karkara a Bankilare tun 1999, yayin da Nijeriya sai a 2015 ta amince da lasisi 17 na farko na rediyon al'umma.

Ta uku kuwa ta fi buƙatar hattara. Dokar hukumar kula da kafafen watsa labarai ta Nijeriya ta hana ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi, kuma duk wanda ya san abin da wa'azin tunzuri ya jawo mana ba zai yi gaggawar sukar wannan tanadi ba. Ba kira nake a kafa tashoshin ɗariƙu ba. WLOK ma ba coci ce ta mallake ta ba, kamfani ne na ɗan gari. Abin koyi a cikinta shi ne ƙanƙantarta da kusancinta da mutanenta, ta yadda mai tasha da mai sauraro ke haɗuwa a kasuwa da wajen jana'iza. Mu da muke da Sakkwatanci da Katsinanci da Guddiranci, ga Fulatanci da Barbarci da Nufanci da ɗaruruwan harsunan da ɗalibaina ke zuwa jami'a suna ɓoye cewa sun iya, mun fi kowa buƙatar irin wannan tasha. Ya kamata hukuma ta sassauta kuɗin lasisin rediyon al'umma, ta sa ido a kan tara tashoshi a hannun mutum ɗaya, gwamnatocin jihohi kuma su gyara na'urorinsu na matsakaicin zango maimakon barin su ga tsatsa.

Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Memphis sun jira kusan shekara talatin kafin su riƙe makullin tasha guda mai wat 1,000, kuma bayan shekara arba'in da ɗoriya ga shi makomarta ta rataya a kan shawarar injiniyoyin mota da 'yan majalisar da yawancinsu ba su taɓa jin sunanta ba. Allah Ya sa mu yi wa kanmu tanadi tun muna da sauran dama.